Ina son saƙa rigar zafi mai huji-huji, wane zare zan saya kuma ta ina zan fara?

Maman Ilham, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hannu, da fatan kowa ta tashi lafiya, ya zafi kuma. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni a harkar. Ni dai saƙata ba ta wuce kayan jarirai ba, hula da safa da rigar sanyi da shawul, da tsinke biyu nake yi kuma da ulun nan na kasuwa da kowa ya sani, to yanzu raina ya biya da wata irin riga ta manyan mata da nake yawan gani a Pinterest da Instagram, 'yar shara-shara mai huji-huji irin aikin leshi, wata da gajeren hannu wata ba hannu, wacce Turawa ke sawa in zafinsu ya shigo. Ni a gida nake so in riƙa sawa da siket ko zani, in fita ta kama in ɗora hijabi ko abaya a kai, tunda kun san yanda Kano take daga Maris zuwa Mayu ga ba wuta, atamfar ma da kanta nauyi take wa mutum.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ko zan iya yi da ulun da nake da shi, dan ina da ragowar fari da ruwan hoda masu yawa, na ce tunda rigar duk huji ce ai iska za ta riƙa shiga ko? Sannan tsinke mai lamba nawa ya dace, kuma curi nawa zai isa mace mai matsakaicin jiki, sannan wane zane ne mai sauƙi da ba zai rikita ni ba dan waɗanda nake gani a takarda duk alamomi ne ƙanana ƙanana a cikin akwatuna ban san gabansu ba balle bayansu. Na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna, ina da yara maza sun fara tasawa ga ƙannen maigida suna shigowa, bana son rigar da za ta nuna jiki. Akwai yanda ake yi ta yi kyau kuma ta suturta? Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Tsinke, Jos

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari. Wacce ta iya rigar jariri ta iya wannan, ki kwantar da hankalinki, ragewa da ƙarawar da kike yi a hannun rigar jariri su ne dai ake jerawa kusa da juna su ba da huji, ba wani sabon karatu ba ne.

Amma maganar ulun nan ki cire ta a ranki gaba ɗaya, ki ajiye shi a yi wa jarirai kayan hunturu. Yawancin wanda ke kasuwanninmu akirilik ne, dangin roba ne aka ja ya zama zare, kuma kusan ba ya shan gumi. Mutane da yawa suna zaton hujin ne ke kawo sanyin riga, alhali zaren ne uwa uba, dan ko huji dubu kika bar mata duk inda zaren ya kwanta a fata zai riƙe zafi, gumin ya rasa inda zai je ya tsaya a jiki kamar kin ɗaura leda, daga nan sai ƙaiƙayi da ƙurajen zafi a wuya da ƙasan hammata. Mu nan Jos da Allah ya ba mu sanyi ma ba mai sa shi da tsakar rana a watan Maris, balle ke da kike garin da ake kaiwa digiri 40.

Zaren auduga za ki nema, kotin zalla, kuma siriri. Kar ki tsaya kan abin da mai shago ya ce, ki juya takardar da ke jikin curin ki karanta, za ki ga nauyi da tsawo. In giram 50 ya ba da mita 125 zuwa 180 to shi ne daidai wannan aikin, in kuwa kika ga giram 50 mita 75 ko 80 ya yi kauri, rigar za ta fito da nauyi ta riƙa jan kafaɗa. Akwai mai sheƙi akwai wanda ba ya sheƙi, duka suna yi, sai dai mai sheƙin ya fi fito da zanen huji tas kuma ba ya saurin yin gashi-gashi in an wanke.

In kin samu zare ba takarda a jiki, wanda shi ne ya fi yawa a wajen masu kayan ɗinki, ki roƙi ɗan guntu ko ki sayi curi ɗaya tukunna ki je gida ki kunna masa ashana a kan faranti. Auduga tana ci da wuta da sauri, warin ƙonanniyar takarda take yi, tokarta mai laushi ce in kin murza ta baje. Roba kuwa narkewa take tana ɗiga, ta bar wani baƙin ƙullutu mai tauri ga wari mai hawa kai. Gashin tunkiya na gaske warin ƙonannen gashi yake. Wannan gwajin yana tona zaren roba, kuma da yawa cikin zaren kwarashi masu ƙyalli da ake cewa kotin ne a nan asirinsu ke tonuwa.

Sai kuma halin audugar kanta wanda dole ki sani kafin ki sa hannu. Ba ta da tsalle irin na ulu, wato in ta miƙe ba ta komawa, kuma bayan wankin farko saƙar takan saki ta buɗe, musamman mai huji. Shi ya sa duk wacce za ta yi rigar manya da auduga sai ta fara saƙa ƙyallen gwaji. Na san mu masu kayan jarirai ba mu saba ba, da ido muke aunawa dan in ta yi wa jariri yawa gobe zai girma ya cike ta, amma ke ba girma za ki yi ba. Ki ɗora ido, wato 'yan maɗaukan zaren da ke jeruwa a kan tsinke, kamar 36 zuwa 40 a tsinke mai milimita 3.5, ki saƙa ya kai santimita 15, ki cire ki wanke shi yanda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ɗora tef a tsakiya ki ƙirga ido nawa ne a santimita 10 a kwance, layi nawa a tsaye. In kina da sikelin kek ki auna nauyinsa. Ki dawo min da waɗannan lambobin da awon ƙirjinki, in sha Allah zan fitar miki da lissafin rigar gaba ɗaya har da maganar sutura.

Ummu Sadik

Ni gaskiya Maman Ilham da za ki ji tawa da kwarashi kika yi abinki. Huji a kwarashi ba wahala, sarƙa biyu ki tsallake biyu shikenan, in kin yi kuskure ki zare ki ja zaren ki koma inda kike so ido ɗaya ne a hannunki, amma tsinke ido ɗari da wani abu duk a buɗe, ɗaya ya suɓuce a cikin huji sai ya zarce ƙasa kina kallo. Ga sauri, abin da za ki yi wata kina yi da tsinke sati biyu ya ishe ki da kwarashi. Ni duk rigunan da nake wa kwastomomi da shi nake yi kuma ba wacce ta dawo da ƙorafi. Maganar zare dai na yarda da Anti ɗari bisa ɗari, kotin ko ba komai.

Anti Mai Tsinke, Jos

Ummu Sadik ban ƙi taki ba wajen sauri, kwarashi ya fi sauri ba musu. Amma ya fi cin zare kuma saƙarsa ta fi kauri dan kowane ido ƙulli ne a kan ƙulli, to a rigar da ake nema dan gudun zafi kaurin nan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan inda ake son rufewa ruf kamar ƙirji, saƙar tsinke ta fi laushi ta fi bin jiki, ta kwarashi in aka cike ta ba huji takan yi tauri ta tsaya. Tunda hannunta ya riga ya saba da tsinke a bar ta a kai. Kwarashin zai yi mana aiki a ƙarshe wajen gyara bakin wuya.

Malama Zariya

Salam. Bari in ɗan ƙara a kan bayanin Anti dan abin da nake koyarwa ne a makaranta. Dalilin da ya sa auduga ta fi daɗi a zafi shi ne tana iya riƙe damshi kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta a yanayi na yau da kullum ba tare da an ji ta jiƙe ba, lilin yana kaiwa wajen kashi 12, akirilik kuwa tsakanin kashi 1 ne zuwa 2. Kun ga tazarar. Zaren ya tsotse gumin daga fata, iskar da ke bi ta hujin ta busar da shi, a nan ne sanyin yake fitowa, ma'ana hujin yana da amfani amma sai zaren ya fara yin nasa aikin.

Mai sheƙin nan da Anti ta ambata kuwa ba roba aka haɗa masa ba kamar yanda wasu ke tsoro, jiƙa audugar ake yi a ruwan kostik soda, irin wacce masu haɗa sabulu ke amfani da ita, ana ja tana miƙe, sai silin ya kumbura ya yi santsi ya ƙara ƙarfi kuma ya fi kama rini. Wani Bature ɗan Ingila John Mercer ne ya fara gano jiƙa auduga a kostik soda a 1844, shi ya sa za ku ga sunansa a jikin takardar irin wannan zaren.

Lilin ya fi kowa sanyi amma ban ba mai farawa shawara ba, yana da tauri a hannu lokacin saƙa kuma idon ba ya fitowa daidai sai an wanke sau da yawa yake laushi, ga tsada. Na gora wanda ake kira bambu yana da laushi da sanyi sosai sai dai yana da nauyi kuma yana zazzagowa, rigar da kika yi iya ƙugu sai ki gan ta ta sauka. In an gauraya shi da auduga to da sauƙi.

Abin da ke min ciwo kullum shi ne ga auduga muna nomawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau, iyayenmu sun kaɗa zare da mazari sun yi abawa, amma yau mai son zaren saƙa na auduga siriri mai kyau sai ta jira na waje.

Ɗaliba a Istanbul

Assalamu alaikum manya, ni ƙaramarku ce a harkar amma bari in faɗi abin da nake gani a nan. Turkiyya suna yin zaren auduga sosai kuma shi ne ya fi sauƙin isowa gida tunda 'yan kasuwarmu na Kwari suna yawan zuwa sarin abaya da dogayen riguna, in kina da wacce za ki ba wa saƙo akwai wani tsohon gini da ake ce wa Kürkçü Han a Mahmutpaşa kusa da babbar kasuwar nan mai rufi, shaguna ne na zare hawa da hawa. Sunayen da za ki rubuta mata, Alize Bella auduga ce zalla giram 50 mita 180, YarnArt Begonia mai sheƙin ce ita ma zalla giram 50 mita 169. Akwai YarnArt Jeans da masu 'yar tsana suke so, shi gauraye ne auduga kashi 55 sauran akirilik, yana da daɗin saƙawa dan yana ɗan tsalle amma dan zafin Kano ni zalla zan zaɓa. Masu sayarwa a Instagram na Legas da Abuja ma suna kawo su, ki dai ce a turo miki hoton takardar jiki kafin ki tura kuɗi.

Abu ɗaya Anti Maman Ilham, duk curin da za ki saya ki tabbata lambar rininsu ɗaya ce, tana nan a jikin takarda kusa da lambar kala. Kala ɗaya in ba tukunya ɗaya aka rina ba sai kin saƙa kin fita rana za ki ga layi ya raba rigar biyu.

Zane kuma ki shiga YouTube ki rubuta Feather and Fan ko Old Shale, shi ne wanda yake tafiya kamar igiyar ruwa, layi huɗu ne kacal ake maimaitawa kuma ɗaya ne a ciki yake da aiki. Asalinsa daga tsibiran Shetland ne can arewacin Skotland, matan wajen sun shahara da saƙar mayafi na gashin tunkiya siriri wanda har ana zura shi gaba ɗaya ta cikin zoben aure ya wuce, kamar yanda matan Orenburg a Rasha suke yin nasu da gashin akuya. Su dan sanyi suke yi da gashi, daga baya masu rigunan bazara suka ari zanen suka mayar kan auduga. In kina son zanen saƙa na kyauta akwai Ravelry da shafin Drops na ƙasar Norway, dubbai ne a ciki, ko ba ki bi rubutun ba hotunan za su ba ki dabara.

Maman Ilham, Kano

Kai masha Allah, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba, Allah ya biya ku duka ya ƙara buɗi. Anti na dawo da aikin gida. Na gwada ulun nawa da ashana narkewa ya yi kamar yanda kika ce dan haka na mayar da shi jaka. Na samu kotin a wajen wata mai kawowa, giram 50 mita 160, kalar sararin samaniya mai haske, curi ɗaya na karɓa tukunna ta ce akwai sauran masu lamba ɗaya za ta ajiye min. Na yi gwajin da tsinke 3.5 saƙa lami ba zane, kafin wanki na ƙirga ido 23 da ɗan ɗoriya, bayan ya bushe ya koma 22 a santimita 10, layi kuma 30. Ƙyallen ya tashi 15 da 15 kuma nauyinsa giram 10 a sikeli. Ƙirjina inci 38 ne a awon tela, tsawon kuma ina so ta sauko ta rufe ƙugu kamar inci 22. Na kalli zanen da ƙanwata ta Istanbul ta faɗa ya min kyau sosai shi nake so, sai dai in aka yi shi tun daga sama har ƙasa ai komai a waje yake.

Anti Mai Tsinke, Jos

Yawwa 'yar gari, haka ake so. Kin ga da idonki yanda ya buɗe bayan wanki, ido ɗaya da ɗoriya a santimita 10 kamar ba komai ba amma a zagayen riga gaba ɗaya ya haura inci biyu.

To ga lissafi. Inci 38 kusan santimita 96 da rabi ne. Rigar zafi ba a yin ta cif da jiki, sai an bar wa iska hanya kuma sakin ne yake sa ta suturta, dan haka za mu nufi wajen 105. Falle biyu za ki saƙa, gaba da baya iri ɗaya sak, kowanne murabba'i ba ragewa ba ƙarawa, faɗinsa santimita 53. Tunda ido 22 ke ba ki 10, 53 zai ci ido 116. Allah ya taimake ki lambar ta zauna daidai da zanen, dan shi ido 18 yake ci a kowace igiya, 18 sau 6 ya ba da 108, saura 8 ki raba 4 a farko 4 a ƙarshe su zama baki, su kullum saƙar gaba, wacce Turawa ke cewa knit, za ki riƙa yi musu a kowane layi dan kar gefen ya naɗe.

Wajen ɗora idon farko ki saki hannu sosai ko ki ɗora da tsinke mai lamba 4.5 sannan ki koma 3.5, saboda gindin rigar lanƙwasa zai riƙa yi yana hawa yana sauka, in kika ɗaure shi tamau igiyar ba za ta fito ba sai ya tattare. Ki yi layi 4 duk gaba, sannan ki shiga zane.

Layi na 1 duk gaba. Layi na 2 duk saƙar baya, wato purl. Layi na 3 shi ne mai aikin, bayan ido 4 na baki ki haɗe ido biyu ki saƙa su tare, sau 3, sannan ki rataya zaren a kan tsinke ba tare da kin shiga ko'ina ba ki saƙa ido ɗaya, ki rataya ki saƙa ɗaya har sau 6, sannan ki sake haɗe biyu-biyu sau 3. Kin gama 18 kenan, ki sake daga farko har ki kai 4 na ƙarshe. Layi na 4 duk gaba, har da zaren da kika rataya ki saƙa shi kamar kowane ido, shi ne zai zama hujin. In kin lura shida kika rage shida kika ƙara, dan haka duk ƙarshen layi 116 ɗinki na nan, ranar da kika ƙirga kika ga 115 to an manta rataye ɗaya, kuma ba sai kin warware ba, in kin iso wajen a layi na gaba ki ɗago zaren da ke kwance tsakanin ido biyun da bakin tsinke ki saƙa shi, huji zai fito. Ki ƙulla 'yan zobba da zare mai wata kala ki saƙala a tsinke bayan kowane 18, da kin iso zobe lissafi bai cika ba kin san a nan matsalar take ba sai kin bi layin duka ba.

Yanzu maganar sutura wacce ita ce ta fi damunki, kuma kina da gaskiya. Ba dole ba ne huji ya mamaye riga kafin ta amsa sunanta. Ki yi zanen daga ƙasa zuwa santimita 18 ko 20 kawai, wajen da zai kwanta a kan siket ko zani ba fata ba, daga nan ki koma saƙa lami, gaba a fuska baya a ciki, ki haye ciki da ƙirji da ita. A ido 22 saƙar a rufe take ba a ganin komai in dai ba matse ta aka yi ba. Kuma wajen zanen zai ɗan fi na saman buɗewa in an wanke, wanda alheri ne dan ƙasan rigar zai ɗan baje a ƙugu. In kina son ƙarin iska ki sake sa zanen a fallen baya can sama tsakanin kafaɗu kamar santimita 10, nan ne gumi ya fi taruwa in an sa hijabi, kuma ɗankwali ko mayafi na rufe shi a cikin gida. Wacce kuma take son huji tun daga sama har ƙasa sai ta ɗinka 'yar shimi ta yadin kotin mai kalar zaren ta riƙa sawa a ciki, amma fa ta san riga biyu ta saka, ni a ganina an rage amfanin abin.

Inci 22 santimita 56 ne, wato layi wajen 168 a kowane falle. Layi 6 na ƙarshe ki yi su duk gaba dan bakin wuya ya kwanta, sannan ki rufe. Wajen haɗawa ki ɗinke kafaɗa ido 26 ta dama 26 ta hagu, 64 na tsakiya su ne wuya, kusan santimita 29, ki fara kamawa da fil ki zura kanki da kitso a kai ki ji ya wuce kafin ki ɗinke. In ya miki faɗi ki ƙara ɗinke ido biyu uku ta kowane gefe. Ɗinkin kafaɗar nan ki yi shi da ƙarfi dan shi ke ɗauke da nauyin rigar duka. Gefe kuma ki ɗinko daga ƙasa ki bar santimita 20 a sama na hannu, da yake rigar ta fi kafaɗarki faɗi za ta zubo da kanta ta rufe saman damtse kamar ƙaramin hannu. A ƙarshe ki ɗauki kwarashi ki zagaye wuya da layi ɗaya na gajeren ido, shi zai hana shi sakin baki nan gaba.

Zare kuma, ƙyallenki 15 sau 15 ya ci giram 10, rigar falle biyu 53 sau 56 ta ninka shi sau 26 da ɗan wani abu, kin ga giram 260 da 'yan kai kenan. Curi 6 zai yi, har da wanda kika fara taɓawa, amma ki karɓi 7 hankalinki ya kwanta. In curi ya ƙare ki haɗa sabo a bakin layi, kar ki ƙulla a tsakiya, ƙullin auduga yana kwancewa kuma yana leƙowa ta huji.

Hajiya Kaka, Kaduna

Sannunku 'ya'yana, Allah ya yi albarka, na ji daɗin ganin yara suna riƙe da sana'ar nan. Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya saboda tsoron da Ummu Sadik ta faɗa na ido ya suɓuce, akwai maganinsa, duk bayan kin maimaita zanen sau uku ko huɗu, in kin gama layi na 2, ki zura zaren ɗinki mai ƙarfi na wata kala a allura ki bi ta cikin duk idon da ke kan tsinke ki bar shi yana reto ta gefe biyu, ki kula kar ki bi ta cikin zobban. In abu ya rikice a sama sai ki zare tsinken ki warware, yana isowa kan zaren nan zai tsaya cak, ki mayar da idanunki ki ci gaba.

Na biyu wanki. Da hannu, ruwa mai sanyi, sabulu mara ƙarfi, ba bilic ba murɗewa. Ki naɗe ta a tawul ki danne ruwan ya fita, ki shimfiɗa wani busasshen tawul a kan tabarma a inuwa ki kwantar da ita ki ja ta da hannu ta koma awonta, a wankin farko ki kafe bakin igiyoyin ƙasa da fil mara tsatsa har ta bushe, a nan ne zanen zai buɗe ki ga kyansa. Kar ki kuskura ki rataya ta a igiya tana jiƙe, nauyin ruwan zai ja ta ta yi tsawo kafaɗa ta yi ƙaho, kuma ko a durowa ninkewa ake ba a sa ta a hanga. Guga in ya zama dole ki ɗora ɗanyen ƙyalle a kai ki dafa sama-sama ba gogawa, wacce nata zaren ke da gaurayen roba kuwa kar dutsen guga ya kusance shi. Kuma ki riƙa hutar da hannu 'yata, auduga tana gajiyar da yatsu da wuyan hannu fiye da ulu.

Ummu Sadik

Anti na buga lissafinki a waya, 116 sau 168 sau biyu ya kusa ido dubu 39, tab. Maman Ilham in wata ta gani a jikinki ta ce a yi mata ki tuna da wannan lambar kafin ki yanke kuɗi, dan mutanenmu kuɗin zare kawai suke lissafawa. Amma na yarda dabarar huji a ƙasa lami a ƙirji ta yi, zan gwada ta a kwarashi da zare siriri in ga ko za ta yi laushi.

Maman Ilham, Kano

Na kwafe komai a littafi, Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya na gode da addu'a. Na ce a kawo min sauran curi shida. Anti tambaya ɗaya ta rage, tsinkena miƙaƙƙe ne na ƙarfe irin dogon nan, zai ɗauki 116 ko sai na nemi mai igiya?

Anti Mai Tsinke, Jos

Zai ɗauka in mai santimita 35 ne amma a cushe, kuma in fallen ya yi tsawo nauyin duk a wuyan hannunki zai sauka. Ki nemi mai igiya na santimita 80 lamba 3.5, ki riƙa juyawa kina saƙa kamar miƙaƙƙe, nauyin sai ya kwanta a cinyarki. Ki duba mai ɗan tsinin baki dan haɗe biyu-biyun nan a auduga yana son tsini, kuma ki shafa mahaɗin igiyar da tsinken da yatsa kafin ki biya, in yana kama fata zai riƙa kama zare. In kin kai santimita 10 na zanen ki ɗauko hoto ki turo mu duba kafin ki yi nisa.